Daga Bariki Zuwa Majalisa: Me Mutumin Riko Zai Nema a Wurin Tsohon Soja?

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a yankin da tsaro ya taɓarɓare, akwai maganar da ke saurin shiga kunnen jama'a: a ba tsohon soja, shi ya san kan bindiga. A mazaɓar Riko da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jibia, inda manomi ke tsayawa ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya nufi gonar da ta yi nisa da gari, inda kuma rufe iyakar Nijar na wata guda kan taɓa tukunyar kowane gida, ba wanda zai ga laifin mai wannan tunani. Sai dai maganar tana buƙatar gyara. Kujerar majalisar tarayya ba ta ba mai ita ikon tura ko da soja ɗaya cikin daji. Abin da take ba shi iko uku ne masu nauyi, wato yin doka, rabon kuɗi, da tuhumar waɗanda aka ba kuɗin. Saboda haka amfanin tsohon soja a majalisa yana ga sanin da ya yi wa gidan da ya fito, da sanin inda ƙarfin bindiga yake ƙarewa. Idan ya ce shi mai matsakaicin ra'ayi ne, a nan ya kamata a gwada shi, domin matsakaicin ra'ayi a bakin iyaka matsayi ne da ake ɗauka a kan batutuwan da aka sani, ana iya ganinsa a rubuce a kundin zaman majalisa.

Mutanen wannan yanki ba sai sun leƙa wata ƙasa neman misali ba. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, mazaɓar Katsina ta Tsakiya ta tura Abdul'aziz Musa 'Yar'aduwa, Laftanar Kanar mai ritaya, zuwa Majalisar Dattawa a ƙarƙashin jam'iyyar APC, kuma bayan rantsar da majalisa ta goma a watan Yunin wannan shekara aka ba shi shugabancin kwamitin da ke sa ido kan rundunar sojan ƙasa. Wanda ya duba ƙananan hukumomin da ke cikin mazaɓar zai gane nauyin abin: ban da Katsina da Batagarawa da Rimi da Kaita, akwai Jibia da Batsari da Safana da Ɗanmusa, wato layin da ya jingina da dajin Rugu da iyakar Zamfara, inda 'yan bindiga suka fi addaba. Gidan da ya fito ma ya san wannan hanya ta daga kaki zuwa babbar riga. Yayansa, Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, shi ne mutum na biyu a gwamnatin soja daga 1976 zuwa 1979, gwamnatin da ta miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari. Bayan ya tuɓe kaki ya gina ƙungiyar siyasa wadda ta haɗa mutanen Arewa da na Kudu, ya shiga taron tsara tsarin mulki na 1994, ya tsaya kan a yanka wa soja ranar barin mulki. An kama shi a 1995, ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disambar 1997. Wannan tarihi shi kaɗai ya isa ya nuna cewa tsohon soja yana iya zama wanda ya fi kowa dagewa a kan a koma da soja bariki, kuma yana iya biyan tsadar hakan da ransa.

To amma tarihin gida ba ya zama aikin majalisa. Mu dubi abin da kujerar take iyawa. Tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a taɓa kuɗin asusun tarayya ba sai da amincewar majalisa, ya kuma ba ta ikon binciken duk ma'aikata ko hukumar da ta yi wa kasafi, har da kiran shugabanninta su zo su yi bayani. Hafsoshin da shugaban ƙasa ya naɗa su jagoranci rundunoni sai sun bi ta majalisa an tantance su. Sashe na biyar kuma ya hana shugaban ƙasa ayyana yaƙi da wata ƙasa sai majalisun biyu sun zauna tare sun amince, ya hana shi tura soja fagen fama a wajen Nijeriya sai da yardar Majalisar Dattawa, in ban da wani taƙaitaccen hali na gaggawa wanda shi ma dole ya koma gabanta cikin kwana bakwai. Mutum zai iya ɗauka cewa wannan sashe na ƙarshe magana ce ta lauyoyi da ba ta shafi mai sayar da gero a kasuwar Jibia ba. Watan Agustan 2023 ya nuna ba haka ba ne.

Ranar 26 ga Yulin 2023 dakarun fadar shugaban Nijar a ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tchiani suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, suka ƙaƙaba takunkumi, suka rufe iyakoki, suka ba sojojin mako guda su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Shugaba Bola Tinubu ya rubuta wa Majalisar Dattawa wasiƙa yana sanar da ita matakan da aka tsara, ciki har da shirin soja. Ga wanda ke zaune a Legas, wannan batu ne na kare dimokuraɗiyya a Afirka ta Yamma. Ga mutumin Riko, tambayar ita ce a kan wa harsashin zai sauka. Daga Magamar Jibia, da ka tsallaka sai Ɗan Isa, sai Maradi, garin da sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa bayan jihadi, wanda har gobe sarkinsa ke amsa sunan Sarkin Katsina. Aure ɗaya, kasuwa ɗaya, makarantun allo ɗaya. Ƙungiyar sanatocin Arewa ta fito ta ƙi amincewa da yaƙi, ta tunatar cewa jihohi bakwai ne ke kan wannan iyaka: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Ranar 5 ga Agusta majalisar ta yanke shawara cewa a bi hanyar siyasa da diflomasiyya. Ba majalisar kaɗai ta hana yaƙin ba, malamai da sarakuna sun yi zirga-zirga tsakanin Abuja da Yamai, amma matsayinta ya rage wa masu son ɗaukar makami ƙarfi ƙwarai. A irin wannan zama ne muryar wanda ya taɓa jagorantar sojoji take da wani nauyi na daban. Farar hula in ya ce kada a yi yaƙi, ana iya cewa tsoro ne. Wanda ya san yawan man da tankar yaƙi ke sha, ya san tsawon iyakar da ta haura kilomita 1,400, ya san cewa rundunar da ake son turawa ita ce dai ke fama a Borno da Zamfara, in ya ce kada a yi, lissafi ya kawo, kuma da wuya a ture shi da zargin ragonci.

Yaƙi bai faru ba, amma takunkumin ya zauna wata bakwai. Manyan motoci sun yi layi a bakin iyaka da kaya a kansu har wasu kayan suka lalace, 'yan dako da masu shayi da masu canjin sefa suka wayi gari babu abin yi, dabbobin da ke shigowa daga Nijar suka ragu, hatsi ya ƙara tsada a ɓangarorin biyu. Sai 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta janye takunkumin, Nijeriya ta ba da umarnin buɗe iyaka a watan Maris, alhali Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar tun watan Janairu. Ba a mayar da Bazoum ba, talakan iyaka ne ya biya. Kuma ba wannan ne karo na farko ba. A watan Agustan 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai, a watan Nuwamba hukumar kwastam ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. An buɗe wasu iyakoki a Disambar 2020, amma ta Jibia sai Afrilun 2022. Ya kamata mai jefa ƙuri'a ya lura da cewa shugaban ƙasar da ya ba da umarnin tsohon janar ne, shugaban kwastam na lokacin, Hamid Ali, shi ma kanar ne mai ritaya. Ba ina cewa ba su da hujja ba. Shinkafar waje tana karya manomin gida, makamai kuma suna shigowa ta ɓarauniyar hanya. Abin da nake cewa shi ne, tarbiyyar bariki tana iya sa mutum ya ga iyaka a matsayin ƙofar da ake kullewa da buɗewa da umarni, ya manta cewa akwai al'umma a zaune a bakinta. Kaki ba ya haifar da sassauci. Tsohon sojan da ke neman wakiltar Riko dole ya nuna cewa ya san bambancin babban dillalin da ke shigo da tireloli da daddare da ɗan acaɓan da ya ɗauro buhu biyu don ya ciyar da iyalinsa, ya kuma nemi dokar da za ta ware wa mazauna iyaka hanyar halal ta ƙananan ciniki, ta rage shingayen da suka cika hanyar Katsina zuwa Jibia. Layin dogon Kano zuwa Maradi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibia, ba zai yi amfani ba in dangantakar ƙasashen biyu ta ci gaba da tsami.

Batun da ya fi raba kan jama'a shi ne sulhu da 'yan bindiga, kuma a nan ne matsakaicin ra'ayi yake shan suka daga hagu da dama. Gwamna Aminu Bello Masari ya gwada sulhu a 2016, ya sake gwadawa a 2019, daga baya ya fito ya ce an ci amanarsa. Sai aka juya ga matsi: a 2021 aka rufe hanyar Jibia zuwa Gurbin Ɓaure, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi ciki har da Jibia. A watan Maris na 2022, da aka janye sojojin da ke Shimfiɗa, mutanen garin suka kwaso mata da yara suka yo cikin Jibia a ƙafa. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a 2023, ya ce gwamnatinsa ba za ta roƙi 'yan bindiga ba, amma a 2025 al'ummomin Jibia da Batsari da wasu maƙwabtansu sun zauna da jagororin 'yan daji sun ƙulla nasu sulhun. Wanda aka kashe wa uba yana da gaskiya in ya ce zama da mai kisa cin mutuncin mamaci ne. Wanda ya samu ya noma gonarsa bayan shekaru ana biyan kuɗin fansa shi ma yana da gaskiya in ya ce sulhu ya ba shi numfashi. Ɗan majalisa mai hankali ba zai raina ko ɗayansu ba, amma ba zai tsaya ga cewa kowa yana da gaskiya ba. Zai tambayi abin da ya kashe sulhun baya: ba a karɓi makamai yadda ya kamata ba, jihohi maƙwabta ba su tafi tare ba, sai ɗan bindiga ya yi sulhu a nan ya kai hari can, ba a yi wa waɗanda aka zalunta komai ba, ba a warware rikicin burtali da mashaya ba, kuma babu wata doka da ta ɗaure kowa. Afuwar da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009 tana da nata kurakuran, amma tana da wa'adin ajiye makami, da rajistar waɗanda suka miƙa wuya, da kasafi daga tarayya. Irin wannan tsari aikin majalisa ne. Tsohon soja ya fi kowa sanin cewa sulhun da babu ƙarfi a bayansa hutu ne kawai ga mai bindiga, ya kuma san cewa runduna tana iya korar mutane daga daji amma ba ta iya zama a kowane ƙauye har abada.

Akwai masu cewa ɗora tsohon soja a kan kwamitin da zai binciki soja kamar ba kura ajiyar nama ne, domin hafsoshin da zai tuhuma abokan karatunsa ne ko iyayen gidansa na da. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma ba na jin akwai amsar da za ta kawar da ita gaba ɗaya. Zumuncin bariki abu ne mai zurfi, kuma zaman kare kasafin tsaro sau da yawa ana yin sa ne bayan an sallami 'yan jarida an rufe ƙofa. Badaƙalar kuɗin makamai ta dala biliyan 2.1 da ta fito fili a 2015 ta shafi shekarun da majalisa ke zaune da kwamitocinta na tsaro, ƙarƙashin shugabancin tsohon janar David Mark. Amma a duba ɗaya gefen. Idan hafsa ya zo gaban kwamiti ya ce an sayi motoci masu sulke kaza, an biya alawus ɗin dakarun da ke bakin daga, sanatan da bai taɓa kwana a sansani ba zai gyaɗa kai ne kawai. Wanda ya taɓa riƙe bataliya ya san tambaya ta biyu: motoci nawa ne ke tashi a yau, ina kayan gyaransu, wata nawa soja ya yi a daji ba a canja shi ba, me ya sa aka kira sansani da dare aka ce babu umarnin fita. Ilimin da zai sa ya iya rufa asiri shi ne dai zai sa ya iya tonawa, abin da ya rage shi ne halinsa da kuma ko mutanen mazaɓarsa suna bibiyar sa. Harin jirgi marar matuƙi da ya faɗa kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna ranar 3 ga Disambar 2023, wanda ya hallaka mutum aƙalla 85, wanda kuma rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa nata ne, shi ne irin lamarin da ake auna ɗan majalisa da shi. Ta'aziyya da gudummawar kuɗi suna da kyau. Abin da zai kare ƙauyen gaba shi ne a fito da sakamakon bincike, a san wanda ya ba da umarni, a gyara ƙa'idar kai hari.

Wasu kuma tsoronsu ya fi wannan girma. Suna cewa soja sun mulki Nijeriya kusan shekara 29 tsakanin 1966 da 1999, kuma duk lokacin da suka karɓi mulki majalisa suke fara rushewa, to don me za a ba su kujera a cikinta? Tarihi ya ba su hujja ta wani gefe. Cif Olusegun Obasanjo, tsohon janar, a zamaninsa aka nemi gyaran tsarin mulki don wa'adi na uku, sai Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Mayun 2006. A ƙetaren iyaka, Tandja Mamadu, tsohon hafsa wanda ya taɓa riƙe jihar Maradi, an zaɓe shi shugaban Nijar a 1999, amma a 2009 ya rushe majalisa don tazarce, soja suka kifar da shi a Fabrairun 2010. Sai dai waɗannan duka shugabannin zartarwa ne, inda mutum ɗaya ke ba da umarni. Majalisa wuri ne da janar yake da ƙuri'a ɗaya cikin 109, daidai da ta tsohon malamin makaranta, kuma dole ya nemi izini kafin ya yi magana. David Mark, wanda ya yi gwamnan soja a jihar Neja ya kuma yi minista a zamanin Janar Babangida, ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2015. A Fabrairun 2010, lokacin da rashin lafiyar Shugaba 'Yar'aduwa ta bar ƙasa babu mai riƙo ana ta raɗe-raɗin juyin mulki, majalisar da yake jagoranta ce ta samo mafita ta farar hula ta ba Goodluck Jonathan riƙon ƙwarya. Janar Muhammadu Magoro ya wakilci Kebbi ta Kudu, Janar John Shagaya da Janar Jeremiah Useni sun wakilci Filato ta Kudu. Wasunsu sun bar abin tunawa, wasu sun zo sun tafi shiru kamar sauran 'yan siyasa. A ganina ya fi alheri ga ƙasa tsohon hafsa ya bi ƙauye-ƙauye yana roƙon ƙuri'a da ya zauna a gida yana kitsa wata hanyar.

Suka ta ƙarshe ita ce ta masu sanin siyasar cikin gida, waɗanda za su ce duk wannan bayani mafarki ne, domin a nan ba ra'ayi ke cin zaɓe ba. A 2022 fom ɗin takarar sanata a APC naira miliyan 20 ne, na ɗan majalisar wakilai miliyan 10, kafin a zo ga daliget da uban gida da kuɗin ranar zaɓe. Sojan da ya yi ritaya da fanshonsa kaɗai, ko kofur ko manjo, ba ya ko kusantar wannan ƙofa. Waɗanda ke shiga su ne masu dukiya ko 'ya'yan manyan gidaje. Jam'iyyun kuma ba su bambanta da juna a aƙida ba, balle a ce wani yana tsakiyarsu. A Amurka, inda tsofaffin soja suka taɓa kai kusan kashi uku cikin huɗu na 'yan majalisa a farkon shekarun 1970 kafin su ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar, mai matsakaicin ra'ayi shi ne wanda ke iya haɗa kai da ɗaya jam'iyyar. A nan layukan da suka raba mu daban ne: Bahaushe da Bafulatani, manomi da makiyayi, ɗan sa-kai da wanda ɗan sa-kai ya kashe wa ɗan'uwa a kasuwa ba tare da shari'a ba, mai son a yi ruwan wuta da mai son a zauna. Ɗan takarar da zai hau mumbari a Jibia ya ce ɗan bindiga mai laifi ne ko wane yare yake ji, kuma makiyayin da bai ɗauki makami ba ɗan ƙasa ne da doka ta kare, zai rasa tafin wasu a ranar. Na yarda kuɗi da uban gida suna da ƙarfi. Amma ƙarfin nasu yana ƙaruwa ne saboda mai ƙuri'a ba ya tambayar komai sai abin da za a ba shi a ranar, kuma wannan gefen yana hannun jama'a.

Zaɓen 2027 yana tafe, kuma za a ga hotunan 'yan takara da kaki a jikin bangon shaguna daga Katsina har Magama. Mutanen Riko suna da kujeru biyu a Abuja, ta sanatan Katsina ta Tsakiya da ta ɗan majalisar wakilai na Jibia da Kaita. Duk wanda ya zo neman ɗayarsu, ko tsohon soja ne ko farar hula, ko mai neman komawa ko sabo, dattawan gari da matasa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su zaunar da shi su tambaye shi a gaban jama'a: in aka sake kawo maganar rufe iyaka ko tura soja Nijar, ina zai tsaya? Wace doka zai kai a kan karɓar makamai da biyan diyyar waɗanda aka zalunta? Zai yarda a karanta rahoton kwamitin tsaro a fili? Wanda ya riga ya zauna a kujerar kuma, a nemi ya kawo ƙudurorin da ya gabatar da zaman binciken da ya kira, da ranakunsu. A rubuta amsoshin, a ajiye su a hannun mai unguwa da limami, a fito da su in ya dawo neman ƙuri'a.